Haɗin Zuwaira

Washegarin suna idanun jaririyar wata mata mai suna Mero suka kumbura suka rufe ruf, wani ruwa mai kauri yana tsattsafowa ta gefe. Kafin a kira azahar an sami wasu matan unguwar su ma suna murza ido, suna cewa kamar an watsa musu barkono. Da aka tattara zance sai aka ga duk kwallin mutum ɗaya suka saka, na Zuwaira, matar nan mai teburin kwalli da turare a bakin ƙofar kasuwar Treichville, wata unguwa a birnin Abidjan.

Shekarar da yaƙi ya raba ƙasar biyu ce, hanyar arewa a toshe. Bahaushe a Abidjan ba ya son abin da zai kai shi gaban ɗan sanda ko da shi aka cuta, don in ya shiga da ƙara, takardunsa za a fara tambaya. Saboda haka 'yan koli suka ce a kashe maganar a cikin gida. Za a karɓe teburin Zuwaira, a saka ta a motar da ke bi ta Gana, a mayar da ita gida. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa a Treichville aka yanke mata cibiya, kuma garin da suke kira gidanta sunansa kawai ta sani a bakin mahaifinta.

Alhaji Abdulmutallib, shugaban 'yan koli, wanda kuma shi ne mai shigo da kwallin, shi ya aika a kira Kailu.

Kailu mai bin sawu ne, ko kuwa a ce ya taɓa zama. Da ƙuruciya shanun sata yake bi a dajin Gobir, ya dubi ƙasa ya gaya maka saniyar da ke ɗingishi da ɓarawon da ya fara gajiya. Yanzu ga shi a garin da aka shafe da kwalta, yana bin buhunan da suka ɓata a tashar Adjamé, gwiwoyinsa suna ƙara duk sanda ya hau bene. Ya gaji da Abidjan, ya gaji da mutanenta. Abin da ya fi gajiyar da shi kuwa shi ne a kira shi bayan an riga an yanke hukunci.

"Ba wani dogon bincike ba ne, Malam Kailu," in ji Alhaji. "Ka je ka duba, ka dawo ka faɗa wa jama'a, kada a ce mun zalunci marar gata. Ita da bakinta ta ce ta yi haɗi."

"Amma buhun daga wurinka ya fita, Alhaji."

"Daga wurina, bayan an gwada shi."

Alhaji ya jawo wani baƙin maganaɗisu, irin wanda ake cirowa daga cikin tsohuwar rediyo, ya ajiye a kan tabarma. Al'adar 'yan koli ce. Masu algus garin ƙarfe suke zuba wa kwalli don ya yi auki, saboda haka duk buhun da ya iso sai an tura maganaɗisu cikinsa a gaban shaidu. In ya fito da gemu an kama macuci, in ya fito tas kwalli ne.

"Tas ya fito, Baba Kailu," in ji Badaruddeen, babban ɗan Alhaji, haifaffen Abidjan wanda Hausarsa take tuntuɓe da Faransanci. "Ni na yi masa takardu tun daga Maraɗi. Kwalli ne *pur*, tsantsa. Ni dai ba na taɓa kaya, ofis ne aikina, amma na tsaya na gani."

Kailu ya gyaɗa kai ya miƙe da ƙyar. A bakin ƙofa ya ɗan daɗe yana neman silifas ɗinsa a cikin takalman mutane, don ya saba ba ya wuce takalmi bai dube shi ba.

* * *

Ya tarar da Zuwaira zaune a ƙofar ɗakinta a wani babban gidan haya, maƙwabta duk sun janye kujerunsu daga kusa da ita. Mace ce da ta fara manyanta, yatsunta baƙi ƙirin da aikin kwalli. Ba ta kuka, ko kuwa ta gama tun kafin ya iso.

"Sun ce kin ce kin yi haɗi."

"Na ce, kuma na yi, Malam Kailu. Ƙwallon dabino nake ƙonawa in daka shi lukwi, in zuba kaɗan don kwallin ya yi laushi ya kama ido. Haka Innata take yi a teburin nan kafin ni. Rabin matan unguwar nan da haɗin nan suka girma. An tambaye ni ko na yi haɗi, sai in ce a'a?"

"Da kin ce a'a, da yanzu kina kasuwa."

"Da na yi ƙarya kenan." Sannan ta tambaya a hankali, "Yaya yarinyar?"

"Likita ya ce a jira."

Ta sunkuyar da kai. Kailu ya ji tausayinta ya kama shi, bai kuwa so hakan ba, don tausayi yakan ɓata wa mai bin sawu ido. Ya ce ta kawo masa ƙwarya da ruwa, da haɗin nata, da kuma ragowar buhun da ba ta taɓa ba.

Ya zuba haɗin a ruwa ya rinƙa karkaɗa ƙwaryar kamar mai rairayar gero. Garin dabino ya taso ya kwanta a sama, ya tsiyaye shi. Abin da ya rage a ƙasa ya shanya a rana kusa da na cikin buhu. Da suka bushe sai ya ga ba su da bambanci, ba yashi, ba gawayi, gari ne iri ɗaya tun daga sama har ƙasa. Sai dai kwallin gaske in rana ta taɓa shi yakan yi walƙiya, wannan kuwa baƙinsa a mace yake kamar gindin tukunya.

"Ba ki lura ba ya ƙyalli ba?"

"Na lura. Da can dutse ake kawo min, ni nake niƙa abina. Tun da hanya ta toshe sai niƙaƙƙe yake zuwa. Ɗan Alhaji ya ce a shingen sojoji farfasa dutsen ake yi ana neman harsashi, shi ya sa ake niƙe shi tun can. Na ce ƙila injin niƙa ne ya kashe masa ƙyalli. An gwada shi a gabana, Malam. Ni wace ce da zan musa wa maganaɗisu?"

Kailu ya ƙulle garin a ƙyalle ya saka a aljihu.

* * *

Zargin Kailu ya faɗa kan Kalla, shugaban 'yan dakon da ke sauke kayan Alhaji a tashar Adjamé. Kowa ya san hannun Kalla ba ya zama wuri ɗaya. Kailu ya shiga gbaka, ƙaramar motar hayar da ake cusa mutane a ciki har sai ƙofa ta ƙi rufuwa, ya ƙetara gada, ya sauka cikin hayaƙi da ihun 'yan kamasho masu kiran garuruwan da mota ba ta iya kaiwa yanzu.

Ya sami Kalla a gindin wata babbar mota yana cin acake, wato dambun rogo, da kifi.

"Kai ka ɗauki buhun kwallin Alhaji?"

"Ni na ɗauka. Bismilla, Malam."

"Na ƙoshi. Wace mota ta sauke shi?"

"Wa yake ganin mota a nan? A rumfar kaya na tarar da shi, da sunan Alhaji a jiki. Ɗansa ya nuna min, na ɗora a amalanke."

"Ka buɗe shi a hanya?"

Kalla ya ajiye cokali. "Malam Kailu, in zan yi sata abin da ake ci nake sata. Me zan yi da kwalli, in yi kwalliya? Amma tunda ka tambaya, buhun bai yi min nauyin da na sani ba. Na da, rabi ake zubawa, mu biyu muke kamawa. Wannan ya kusa cika, ni kaɗai na ɗaga."

Kailu ya ɗauka wayo ne, mutum ya riga ka faɗar abin da za ka kama shi da shi. Ya sa Kalla ya buɗe masa akurkin da 'yan dako ke ajiye kayansu, ya birkita ko'ina. Ya sami albasar wani Bazabarme da ake nema tun makon jiya, ya sami katon ɗin sabulu da ba mai shi a tsakaninsu, amma ko ƙurar kwalli bai gani ba. Kalla yana tsaye yana rantsuwa cewa albasar ajiya ce.

Yini guda ya tafi a banza. Kailu ya zauna a kan wata tsohuwar taya yana murza gwiwa. Gari ne iri ɗaya, ba a cakuɗa shi da komai ba, maganaɗisu bai kama shi ba, amma bai kai kwalli nauyi ba, ba ya ƙyalli, kuma yana cin ido. A daji in sawu ya ɓace a kan dutse zagaye dutsen ake yi. A nan bai ma san ta inda zai fara zagayen ba.

* * *

'Yarsa Radiyya malamar kimiyya ce a wata makaranta a Adjamé. Da la'asar ta dawo ta tarar da shi a tsakar gida ya baje baƙin gari a kan faranti ya zuba masa ido. Ba ya son kawo mata maganar aikinsa, don takan yi masa gyara a gaban mutane ba tare da ta sani ba, amma yau gajiya ta fi girman kai ƙarfi. Ya kwashe komai ya gaya mata.

"Ban da kwalli, me Alhaji yake sayarwa da yawa?" ta tambaya.

"Kanwa, alif, farar wuta."

"Farar wuta." Ta ajiye jakarta. "Baba, jira ni."

Ta fita, ta dawo da garin ƙarfe a takarda daga wurin mai yankan makulli, da ɗan ruwan batir a kwalba daga wurin bakaniken layinsu. Ta ɗauko farar wutar da suke ajiyewa saboda ƙaiƙayi, ta dandaƙa ta, ta gauraya da garin ƙarfen a kan murfin gwangwani. Abin ya yi launin toka mai ɗigon rawaya.

"Matsalar a bakinmu take, Baba. Mu komai haɗi muke cewa. Shinkafa da wake haɗi, maganin tari haɗi, har aure haɗi. A makaranta suna biyu ne, akwai *mélange*, akwai *composé*. Wannan da kake gani *mélange* ne, gauraye kawai. Ƙarfe yana nan da halinsa, farar wuta tana nan da nata, zama kawai suke yi wuri ɗaya. Ka zuba da yawa ko kaɗan, ba ruwansu."

Ta wuce da ɗan maganaɗisu ta saman garin. Ƙarfen ya yi tsalle ya manne, ya bar rawaya ita kaɗai a murfin.

"Ka gani? Abin da aka gauraya ana iya raba shi, da hannu, ko da ruwa, ko da wannan. Irin na Zuwaira kenan, kai da kanka ka raba shi a ƙwarya."

"To ɗayan fa?"

Ta sake gaurayawa, ta ɗora murfin a kan gawayin da ke ci a murhu, ta ja mahaifinta baya. Farar wutar ta narke. Can sai garin ya kama ja da kansa, jan yana tafiya daga gefe zuwa gefe ko da ta sauke shi daga wuta. Wani hayaƙi ya tashi mai shaƙe maƙogwaro, Kailu ya yi tari har hawaye ya zubo masa. Da ya huce sai ga wani baƙin dunƙule. Ta daka shi, ta miƙa masa maganaɗisun.

Ya wuce da shi ta kan garin. Ya sake wucewa, ya ma tura shi ciki. Ya fito tas.

"Ina ƙarfen ya tafi?"

"Yana ciki, amma ya daina zama ƙarfe. Farar wutar ma ta daina zama farar wuta. Sun shiga juna sun zama wani abu na uku mai nasa halin, kuma da awonsu suke shiga, ba yadda ka ga dama ba. Shi ne *composé*. Wannan ba ƙwarya ba rariya da za ta raba shi. Duk wanda ya yi makaranta a garin nan an nuna masa wannan tun yana ƙaramin aji."

Ta ɗiga ruwan batir a kan garin da ta yi. Wari ya tashi kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Ta ɗiga a kan wanda Kailu ya kawo daga buhu, warin ya sake tashi, shi ɗin dai.

Kailu ya dubi garin biyu. Ba murna ya ji ba. Ji ya yi nauyin da ke kansa ya ƙaru, don ya fara hango inda sawun ya nufa, kuma ba ya son wurin.

"Mutumin da zai dafa buhu guda na wannan," ya ce, "ba zai iya ɓoye hayaƙinsa ba."

"Ko kusa, Baba. Sai duk layin ya yi tari."

* * *

Da safe Kailu ya shiga lungunan Treichville na wajen tashar jiragen ruwa, inda masu walda da masu injin feƙe ƙarfe suke. Bai dubi ƙasa ba. Matan da ke soya a bakin hanya ya rinƙa tambaya ko akwai inda ake ƙona abu mai shaƙe mutane. Wasu suka ce ai duk garin nan shaƙe mutane yake yi. Wata tsohuwa mai sayar da koko ta nuna masa bayan wani gareji da leɓe, ta ce jikokinta sun sha tari a kwanakin baya.

A bayan garejin akwai wani fili da aka kewaye da kwano. Bishiyar mangwaron da ke leƙowa ciki ganyenta ya ƙone ta ɓangare ɗaya, ɗayan ɓangaren kore shar. A cikin filin ya ga rabin duro da wuta ta cinye masa ciki, da turmin ƙarfe, da ƙasa mai ratsin rawaya.

Mai garejin, wani ɗan Mali, bai so magana ba. Ya ce wani ne yake biyansa ya tara masa garin ƙarfen da ke zuba daga inji, ya kuma ari filin. Da ƙyalle a fuska yake zuwa saboda hayaƙi, Faransanci yake yi, bai tambaye shi suna ba, ba ya kuma son sani.

Kailu ya durƙusa a gefen duron, gwiwoyinsa suna kuka. Rufin kwano ya kare wurin daga ruwan sama, ƙurar farar wuta kuwa ta riƙe sawu fiye da yashin rafi. Takalmi ne rufaffe mai tsinin baki, irin na masu zaman ofis, dugadugin hagu ya cinye ta waje. Ya san takalmin. Ya gan shi a bakin ƙofar Alhaji, a tsakiyar silifas ɗin 'yan kasuwa.

Ya zauna a ƙasa ya jingina da kwano. Sawu a ƙura shaida ce a wurinsa, amma ba shaida ba ce a gaban uba, kuma uban shi ne alƙali.

* * *

Bayan sallar la'asar aka taru a ɗakin saman magazar Alhaji, wato babban shagonsa. Dattawan 'yan koli suka jeru a tabarma. Kalla ya raɓe a bakin ƙofa yana zaton maganar albasa ce. Zuwaira ta zauna a lungu da mayafi har goshi, ƙullin kayanta yana ƙasa yana jiran mota. Badaruddeen yana gefen mahaifinsa. Da Radiyya ta shigo bayan Kailu wasu dattawan suka dubi juna.

"Mun ce ka duba, ba mu ce ka kawo mana makaranta ba," in ji Alhaji.

"Hannuna rawa yake yi, Alhaji, ita za ta riƙe min kwalba. Ba zan daɗe ba, ni ma na gaji."

Ya jera faranti uku. A na farko ya zuba kwallin gaske, wanda aka niƙa daga wani ɗan guntun dutse da ya rage wa Zuwaira tun kafin hanya ta toshe. A na biyu ya zuba garin dabinonta. A na uku ya zuba garin da ya ɗebo daga buhun Alhaji. Ya faɗi sunan kowanne a fili don kowa ya ji.

"Ruwan batir ne a kwalbar nan. In akwai mugun abu a cikin ukun nan, zai nuna."

Radiyya ta ɗiga a kan kwallin gaske. Dattawa suka miƙa wuya, ba abin da ya faru. Ta ɗiga a kan garin dabino, ya jiƙe kawai ya kwanta. Badaruddeen yana kallo da ɗan murmushi kamar mai kallon wasan yara.

Ta matsa da kwalbar kan faranti na uku. Kailu ba farantin yake kallo ba. Ya ga hannun Badaruddeen ya shiga aljihu ya fito da hankici, ya ga ya kai shi hanci, ya ga ya karkata wajen taga.

"Dakata," in ji Kailu, ya riƙe hannun 'yarsa. Ko ɗigo bai sauka ba. "Badaruddeen, me ka toshe wa hanci?"

Saurayin ya dubi hankicin kamar wani ne ya saka masa shi a hannu. "Ai... *l'odeur*, Baba Kailu. Warin."

"Wane wari? An zuba a na farko ba ka toshe ba, an zuba a na biyu ba ka toshe ba. Kai ka ce wannan kwalli ne tsantsa daga Maraɗi, ɗan'uwan na farko. Duk ɗakin nan ba wanda ya san zai yi wari, sai ni da ita da wanda ya dafa shi."

Ya saki hannun Radiyya, ta ɗiga. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika ɗakin, dattawa suka kama tari suna jan rawani suna rufe baki. Kailu ya jira suka lafa, sannan ya ba su labarin garejin da duron da takalmi mai cinyayyen dugadugi. Ya bar Radiyya ta bayyana musu bambancin abin da aka gauraya da abin da wuta ta mayar abu ɗaya, da dalilin da ya sa maganaɗisunsu bai ga komai ba.

"Haɗi biyu ne a cikin maganar nan," ya ce. "Nata ruwan ƙwarya ya raba shi, kuma dabino ne. Kun ji kalma ɗaya kun yanke hukunci a kan wanda ba shi ba."

Badaruddeen ya juya ga mahaifinsa, muryarsa ta koma ta yaro. "Papa, kai ka ce kada in bari a ce magazarka ba kwalli. Kullum kana cewa ba ka taɓa rasa kaya ba tun da ka zo garin nan. Hanya a rufe take, in yi yaya? Na ɗauka baƙi duk baƙi ne. Wallahi ban san zai taɓa ido ba."

Alhaji bai dube shi ba. Ya daɗe yana jan carbi, fuskarsa ta tsufa a zaune. Daga ƙarshe ya ce shi zai ɗauki nauyin jinyar yarinyar, za a kwashe ragowar garin a binne, Zuwaira kuma ta koma teburinta gobe.

"Amma abin da aka yi a ɗakin nan ya tsaya a ɗakin nan," ya ƙara. "In aka ji a waje, hukuma za ta shigo, kuma ba ɗana kaɗai za ta kwasa ba, kun san lokacin da muke ciki. A ce kaya ne suka lalace a hanya."

Dattawa suka gyaɗa kai ɗaya bayan ɗaya. Kailu ya dubi Zuwaira. Ta gane abin da hakan ke nufi tun kafin Alhaji ya rufe baki, amma ta ce ta gode.

* * *

Idon jaririyar ɗaya ya buɗe, ɗayan likita ya ce har yanzu a jira. Zuwaira ta koma bakin ƙofar kasuwa ta shimfiɗa farin ƙyalle a teburinta. Kwallinta bai wuce abin da ta niƙa daga guntun dutsen nan ba, ta yi masa haɗinta na dabino kamar yadda ta saba. Matan Treichville ba su ji abin da aka yi a ɗakin sama ba. Abin da suka ji shi ne ta ce ta yi haɗi, sannan manya sun rufa mata asiri. Suna zuwa daidai teburin sai su ja 'ya'yansu su zagaye.

Kailu ya tsaya a inuwar masu atamfa yana kallo tun hantsi. Ya kama mai laifi, aikinsa ya ƙare, ba abin da ya hana shi shiga mota ya tafi gida ya miƙe ƙafa. Amma ya san in aka ci gaba a haka, ba sai an saka ta a mota ba, da ƙafarta za ta je tasha.

Ya ratsa cikin mata ya jawo benci ya zauna a gaban teburin. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Zuwaira, sa min kwalli."

Ya faɗa da ƙarfi yadda masu tumatir ma suka ji. Hayaniyar ƙofar kasuwa ta ragu. Kowa a nan ya san Kailu, kowa ya san da idonsa yake ci.

"Malam Kailu," ta ce ƙasa-ƙasa, "ba sai ka yi haka ba."

"Mai haɗin nake so. Ki cika shi sosai."

Ta ɗauki tandu ta tsoma maciyin kwalli a ciki.  Mata suka matso, wata mai goyo ta ɗaga ƙafa don ta gani da kyau. Kailu ya ɗaga fuska sama ya buɗe idanu.

"Ki yi a hankali," ya ce. "Su biyun nan ne kawai gare ni, kuma ke na kawo wa."

Dariya ta kuɓuce mata tare da hawaye. Ta goge fuska da gefen mayafi, ta dafa goshinsa da yatsunta baƙaƙe, ta ja layin farko.